Faifan The Simpsons: In Sa A Sayo Min, Ko In Dogara Da Intanet?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Zariya, ina da 'ya'ya uku. Lokacin da nake ɗalibi na saba kallon katun ɗin The Simpsons a tashar tauraron ɗan'adam, har yau tsofaffin kashin suna raina. Ƙanena yana karatu a Ingila, zai dawo ƙarshen shekara, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. Na so in ce ya sayo min faifan DVD na shirin gaba ɗaya, amma abokaina sun ce asarar kuɗi ce tunda komai yana intanet. Akwai amfanin mallakar faifan? Zai yi aiki a na'urata? Kuma zan iya kallo tare da yara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyi uku ka dunƙule: ko faifai yana da abin da intanet ba ta da shi, ko faifan Ingila zai yarda da na'urar da ke falonka, da ko shirin na zama da yara ne. Na yi shekaru ina shagon hayar kaset, daga baya faifai, ina kuma gyaran na'urorinsu, kuma wannan shiri yana cikin kaɗan ɗin da na riƙe wa kaina bayan na bar sana'ar. Ka ce wa ƙaninka ya sayo. Amma kada ka ce masa "gaba ɗaya", domin babu gaba ɗayan a faifai, kuma ko da akwai, ba shi kake bukata ba.

Abin da ya fito a faifai da abin da bai fito ba

Iyalin Simpson sun fara bayyana a 1987, a matsayin gajerun zane masu motsi cikin shirin Tracey Ullman a Amurka. Matt Groening ne ya zana su, James L. Brooks da Sam Simon suka taya shi mayar da su shirin rabin awa, wanda tashar Fox ta fara haskawa ranar 17 ga Disamba, 1989. A 1997 ya zarce The Flintstones, wanda ya tsaya a kashi 166, ya zama katun ɗin dare mafi yawan kashi a Amurka. Yanzu ya haura zango 35 da kashi 750.

Faifan zango na ɗaya ya fito a Satumbar 2001, kashi 13 a kan faifai uku, kuma ya yi kasuwar da babu wani shirin talabijin da ya taɓa yi a DVD kafin lokacin. Daga nan aka riƙa sakin zango-zango, yawanci faifai huɗu a kwali. A farkon 2010 aka yi tsallake aka fitar da zango na 20 don bikin cika shekara ashirin, sannan aka koma baya aka ci gaba. A 2015 Al Jean, wanda ke jagorantar shirin a lokacin, ya sanar cewa an daina buga faifai bayan zango na 17, saboda kasuwar faifai ta ja baya. Masu kallo suka yi ta ƙorafi, sai aka fitar da na 18 a Disambar 2017, na 19 kuma a Disambar 2019. A nan aka tsaya. Saboda haka duk wanda ya miƙa maka kwali ya ce ga shirin daga farko har zango na talatin, jabu ne, ba sai ka buɗe ba.

Abin da abokanka ba su lura da shi ba

Gaskiyarsu ce cewa shirin yana intanet. Kamfanin Disney ya sayi sashen finafinai da shirye-shiryen Fox a Maris 2019, kuma da ya buɗe manhajar Disney+ a Nuwambar wannan shekarar, ya zuba zango talatin a ciki. Sai dai abin da ke kan manhaja yana hannun mai manhaja, kuma wannan shiri ya nuna hakan ƙarara har sau uku.

Na farko shi ne yankan hoto. An zana zango 19 na farko, da wani ɓangare na zango na 20, don tsohuwar talabijin mai allo kusan murabba'i, wato 4:3. Sai a Fabrairun 2009 shirin ya koma faffaɗan allo na 16:9. Da Disney+ ta buɗe, sai aka ga an datse saman hoton da ƙasansa don ya cika allon zamani. Wani zai ce ai ɗan gefe ne. To, a zango na huɗu akwai kashi mai suna "Duffless", inda Homer, uban gidan Simpson, ya je yawon buɗe ido a masana'antar giya. Ana nuna masa manyan tankuna uku, kowanne da sunan irin giyar da ke ciki, ana ta kambama bambancinsu, alhali a can sama bututu ɗaya ne ya rabu uku yake zuba musu abu guda. Dariyar wurin duka tana kan bututun nan, shagube ne ga yadda 'yan kasuwa ke sayar da abu ɗaya da suna uku. A hoton da aka datse, bututun ya fita daga allo. Na taɓa tsayar da wurin a kan faifaina, wani yaro ya ɗora wayarsa kusa da talabijin da hoton da aka yanke, muka yi shiru muna duban biyun. A ɗaya akwai magana, a ɗayan tankuna ne kawai a jere. Sai ƙarshen Mayun 2020, bayan surutu ya yi yawa, Disney ta sa maɓallin da zai ba mai kallo zaɓin ainihin hoton. An gyara, amma wata shida aka yi ana nuna wa mutane aikin da ba haka masu shi suka zana ba.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kashin da ya buɗe zango na uku a Satumbar 1991, "Stark Raving Dad", mawaƙi Michael Jackson ne ya yi muryar baƙon da ke cikin labarin, ko da yake da sunan aro aka rubuta shi a jerin sunaye. A Maris 2019, bayan wani fim na binciken zarge-zargen da aka yi wa mawaƙin ya fito, masu shirin suka janye kashin daga tashoshi da intanet, suka kuma ce ba zai shiga faifan da za a buga nan gaba ba. Ba na ja da dalilinsu, nasu ne. Abin da nake nuna maka shi ne, wanda ya sayi kwalin zango na uku tun farkon fitowarsa, kashin yana nan a ɗakinsa, shi zai yanke wa kansa ko ya kalla ko ya bari. Na uku kuwa, da aka buɗe Disney+ a Hong Kong a 2021, an tarar an cire wani kashi na zango na 16 da ya taɓo maganar dandalin Tiananmen na birnin Beijin, inda aka taɓa murƙushe masu zanga-zanga.

Ka haɗa wannan da halin da muke ciki. Da manhajar ta shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen arewacin nahiyar ta sauka, Najeriya da Nijar ba sa ciki. Abin da yawancin mutanenmu ke kira "yana intanet" guntaye ne a YouTube, ko kwafin da aka ɗauko daga maimaicin tashoshi, waɗanda su kansu sukan rage wani abu a kowane kashi don talla ta samu wuri. Ga kuɗin data, ga sabis da ke zuwa yana ɗaukewa. Faifai kuwa da ka saya, ka gama biya.

Akwai kuma abin da ni a wurina shi ne rabin darajar kwalin, wato sharhin masu shirin. A faifan zango na 1 zuwa na 19, kowane kashi yana da murya ta biyu da za ka zaɓa, inda marubuta da daraktoci da masu muryoyi ke zaune suna kallo tare da kai suna faɗin yadda aka yi. A nan za ka ji yadda ake aika zanen Koriya ta Kudu a ƙarasa shi, ya ɗauki watanni kafin ya dawo. A nan za ka ji labarin "Some Enchanted Evening", kashin da aka so a buɗe shirin da shi, amma zanen ya dawo a lalace har aka ɗage fara shirin zuwa Disamba, shi kuma aka mayar da shi ƙarshen zango. An ma sa wani yanki na wancan lalataccen zanen a faifan zango na ɗaya. Duk wanda ke sha'awar rubuta wasan barkwanci, ko yake harkar fim a nan gida, zama da wannan sharhi makaranta ce. Za ka ga layi ɗaya da ya ba ka dariya na daƙiƙa biyu, ashe mutum goma ne suka yini a ɗaki suna juya shi.

Waɗanne zai sayo

Idan jakarsa da aljihunsa ba za su ɗauki da yawa ba, ya fara da zango na 3 zuwa na 8. Nan ne shirin ya nuna, kuma mafi yawan abin da kake tunawa daga nan ya fito. A zango na huɗu kaɗai akwai "Marge vs. the Monorail", wanda Conan O'Brien ya rubuta, labarin ɗan damfarar da ya sayar wa gari jirgin ƙasan da ba sa bukata alhali titinsu duk ramuka ne, da "Last Exit to Springfield", inda Homer ya tsinci kansa shugaban ƙungiyar ƙwadago. Kai da kake ma'aikaci, wannan na biyun zai yi maka daɗi fiye da yadda ya yi maka lokacin ɗalibta. In da hali ya ƙara na 1 da na 2 da na 9 da na 10. Zanen zango na ɗaya bai gama zama ba, muryar Homer ma ba ta zama wadda ka sani ba tukuna, amma yana da daɗin ganin mafari. Daga na 11 zuwa sama ra'ayi ya rabu, ni dai ba na matsa wa kowa. Na 20 ba shi da sharhi ko kaɗan.

Ya kula da kwali. Zango na shida ya fara fitowa cikin robar da aka yi da siffar kan Homer, na bakwai zuwa na goma ma an yi musu irin wannan da kawunan sauran 'yan gidan. Suna da kyan gani amma ba sa zama a kanta, kuma robar tana tsagewa. Akwai na kwali na yau da kullum, shi ya fi. Daga zango na 11 aka koma cusa faifan cikin aljihun kwali mai tauri, wanda ke gogar fuskar faifai duk sanda aka zaro. In ya sayi irin waɗannan, da sun iso ka mayar da su gidan roba.

Ba sai ya nemi sabo ba. A Ingila shagunan kayan hannu da na ƙungiyoyin agaji cike suke da irin waɗannan kwalaye da araha, tunda mutane suna ta rabuwa da faifansu. Tsohon bugu ma shi ya fi a zango na uku: ya duba takardar ciki, ya tabbata kashi 24 ne kuma "Stark Raving Dad" ne na farko. Ya buɗe kowane kwali a gaban mai shago, ya ƙirga faifan, ya karkata kowanne a haske. Na sha ganin kwali mai faifai huɗu da na uku ya ɓata, an cike gurbin da wani na biyu. Kaset ɗin VHS kuwa kada ya ɗauko ko kyauta aka ba shi. Kashi kaɗan ke kan kowanne, zaren yana yin fumfuna, kuma tun 2016 kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urarsa, Funai na Japan, ya daina. Blu-ray, wato faifan zamani mai kaifin hoto, na zango na 13 zuwa 17 ma bai kai kuɗinsa ba, domin ainihin hoton ba mai kaifin zamani ba ne, ɗaga shi kawai aka yi.

Zai yi aiki a na'urarka?

Abu biyu ne a nan. Na ɗaya tsarin hoto: Ingila da Najeriya duk PAL suke amfani da shi, Amurka kuma NTSC. Tunda daga Ingila za a kawo, ka huta da wannan. Na biyu lambar yanki. Kamfanonin fim sun raba duniya gida shida, suka kulle faifai da lamba. Amurka da Kanada yanki na 1 ne, Turai da Masar da Afirka ta Kudu na 2, Najeriya da Nijar da Ghana da mafi yawan Afirka na 5. Faifan Ingila na 2 ne, za ka ga lambar cikin ɗan hoton duniya a bayan kwali. Na'urar da aka kulle a kan 5 za ta ƙi karɓa, ta rubuto maka saƙon kuskuren yanki.

A abin da ya ratsa hannuna, yawancin ƙananan na'urorin China da ke kasuwanninmu ba a kulle suke ba, komai ka sa musu suna ci. Masu taurin kai su ne na manyan kamfanoni, da na hannu da aka shigo da su daga Amurka, waɗanda ke kan yanki na 1, kuma wasunsu wutar 110 suke so, in ka soka su kai tsaye a tamu ta 230 sai hayaƙi. Ban ga taka ba, don haka ba zan ce maka za ta yi ko ba za ta yi ba. Ka ari faifan Turai na asali a wurin wani ka gwada kafin ƙanin naka ya taso. In ta ƙi, ya haɗo da ƙaramar na'ura marar kulle mai ramin HDMI. Wutar Ingila da tamu ɗaya ce, filoginsu mai ƙafa uku ma irin namu ne. In a kwamfuta za ka kalla, ka sani cewa sau biyar kawai take bari a canja mata yanki, daga nan ta kafe a kan na ƙarshe. Manhajar VLC takan tsallake wannan a kwamfutoci da dama.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da za su fi son Faransanci: fassarar murya iri biyu ce, ta Faransa da ta Kebek a Kanada, kuma lafazi da barkwancinsu sun bambanta. Wadda aka saba ji a tashoshin Faransa tana kan faifan da aka buga don kasuwar Faransa, a duba bayan kwali kafin a biya.

Sai saitin allo, inda kusan kowa ke kuskure. Wani maƙwabcina ya taɓa kirana wai faifan da ya ara a wurina ya lalace, mutanen ciki duk sun kumbura. Na je na tarar filasmarsa ta ja hoton ta cika bango da bango, kan Homer ya baje kamar faranti. Na karɓi rimot na mayar da shi 4:3, baƙin shafi ya fito dama da hagu, fuskoki suka koma daidai. Ya ce to ai yanzu talabijin ɗin ba ta cika ba. Na ce masa haka aka zana shi, wannan baƙin ba ɓata ba ne. Ka saita a wuri biyu, cikin na'urar faifan da cikin talabijin. Kada kuma ka sa ran kaifin hoton zamani. Da hannu aka yi wa zangunan farko fenti a kan leda mai haske, sai wajen zango na 14 aka koma yin fentin da kwamfuta gaba ɗaya, don haka za ka ga launi yana ɗan rawa, layi yana ɗan kauri. Wannan hannun mutum ne kake gani.

Jabu da kula da na asali

Za ka iya cin karo da faifai ɗaya a kasuwa da aka ce zango biyar ne a ciki. Lissafin ba ya ɓuya. Faifan DVD mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, kuma kamfani kashi shida ko bakwai yake sa wa faifai guda. Wanda ya cusa kashi ɗari a wuri ɗaya dole ya matse hoton har ya farfashe, ya zubar da sharhi da rubutun ƙasan allo. Na taɓa sayen irinsa don gwaji, rabin kashin da tambarin wata tasha a kusurwa, biyu kuma maimaici ne. Ka juya faifai ka duba cikinsa. Na kamfani fari ne kamar azurfa ko ya ɗan yi ruwan zinare, da ƙananan lambobi a zoben tsakiya. Wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi ruwan shuni, kuma shi ne zafinmu ke saurin kashewa.

Na asali yana daɗewa in an kiyaye shi daga abu uku: rana, ƙura da hannun yara. Kada a bar shi cikin mota ko a kan na'ura mai zafi. A jera kwalayen a tsaye cikin kabad mai murfi. In za a goge, da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, domin ƙarzanen da ya bi zagaye shi ke sa faifai tsalle. Lokacin hunturu, in na'ura ta fara cewa babu faifai alhali yana ciki, galibi ƙura ce ta rufe mata ido, mai gyara zai share da ɗan auduga cikin minti biyar. Ka sa mata sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta faifai yana ciki, kada a ɓalle tiren da wuƙa, a jira wuta.

Maganar yara

A nan nake so ka tsaya sosai. Mu a nan da an ga katun sai a ce na yara ne, a kunna musu a fita. The Simpsons ba don yara aka yi shi ba, don manya aka yi shi, da dare ake haska shi. Homer mashayin giya ne, mashayar abokinsa Moe tana yawan fitowa a shirin. Bart, ɗan Homer, yana yi wa ubansa rashin kunya, uban yana shaƙe shi. Akwai zolayar coci da malamanta, akwai maganganun aure da ba a yi a gaban yara, akwai katun ɗin kyanwa da ɓera a cikin shirin mai zubar da jini da gangan, kuma kashin da suke yi duk shekara na bikin Halowin akwai ban tsoro. A 2005 tashar MBC ta gwada mayar da shi Larabci da sunan Al-Shamshun, Homer ya koma Umar, giya ta koma lemo, aka cire mashaya. Bai yi nisa ba aka daina, domin abin da ake cirewa yana saƙe da labarin.

Babba yana gane cewa shagube ake yi, ana nuna wautar Homer ne ba yabonsa ake ba, kuma ƙarshen kashi yakan dawo kan riƙon iyali. Yaro ɗan shekara bakwai kwaikwayo kawai zai ɗauka. A kwalin Ingila za ka ga tambarin hukumar tace finafinansu, PG ko 12, wato a kalla da kulawar iyaye, ko kuma ba na 'yan ƙasa da sha biyu ba ne. Wannan ma'aunin can ne, namu ya fi shi tsauri. Ban san shekarun 'ya'yanka ba, kuma tarbiyyar gidanka kai da mai ɗakinka kuka fi kowa saninta. Abin da ni na yi shi ne, kwalayen suna ɗakina, ba a falo ba. Sai da manyan suka kai sakandare na fara zaɓo musu kashi ɗaiɗai da na riga na kalla, irin "Lisa's Substitute" na zango na biyu, labarin yarinya da malamin da ya fara gane hazaƙarta, muna zaune tare, rimot yana hannuna.

Ka tura wa ƙaninka saƙo tun yanzu, kafin ya fara haɗa kaya: zango na 3 zuwa na 8, na kwali ba na roba ba, na ukun mai kashi 24, ya ƙirga faifan a shago. Ya sa su a jakar hannu tsakanin tufafi, domin jifar da ake yi wa manyan akwatuna a filin jirgi tana karya haƙoran da ke riƙe faifai, ya saki ya yi ta gogar ɗan'uwansa har Kano.